Dutsen da Ke Cikin Dutsen Guga

A Aboabo, bayan masallacin layinmu,
rumfata kwano biyu ce da benci guda.
Ina gyaran dutsen guga da murhun lantarki
da rediyon da muryarsa ta dushe.

Yau da hantsi Maame Afrakoma ta zo,
mai wanki da guga daga Asawase.
Ta dire nata a gabana, tana haki:
"Ya ƙi zafi, Tanko. Gobe akwai jana'iza,
zannuwa bakwai, ja da baƙi, suna jirana."

Na kwance kusoshi huɗu, na buɗe cikinsa.
Waya ta tsinke, ta yi baƙi ƙirin,
amma abin da aka naɗe ta a kai yana nan,
siriri kamar ɓawon albasa,
ko gezau.
Shekara nawa yana kwana da wuta gado ɗaya,
bai ƙone ba,
bai kuma kai tsegumin lantarki ga hannun mai guga ba.
'Yan Alabar masu sayar da shi suna ce masa maika.
Ni da wani suna na fara saninsa.

Goggo Ladidi, ƙanwar kakana,
mai kasa sassaƙe da saiwa a bakin Kejetia,
tana da gwangwanin taba a ƙulle cikin lalita.
Ran da ta tashi da fara'a sai ta buɗe mini.
"Madubin ƙasa ke nan. Kada ka hura."
Ta sa farce ta ɓare shafi,
ta ɓare wani daga cikin shafin,
ta sake ɓarewa har na gaji da ƙirga.
Ta kara mini ɗaya a ido:
na ga kasuwa duka, da 'yan dako, da masu goro,
sun koma ruwan shayi, sun yi nisa,
kamar an riga an yafe musu.

Ta ce direban Tamale yakan saya
ya ɗinke a bakin hula.
Ta ce mai kambun baka in ya dube ka
ƙyallin ke mayar masa da idonsa.
Wanda zuciya ke ci kuwa ba ta karɓar kuɗinsa,
sai ta damƙa masa a tafi, ta rufe masa yatsu:
"Je ka koyi zama kusa da wuta
ba tare da ka kama ba."

Mahaifina ya ji, ya ajiye carbi.
"Ladidi, dutse ba ya tsare kowa."
Ta ce, "Yaushe na ce yana tsarewa?
Wanda ya yi shi ne ke tsarewa.
Wannan tuni ne kawai, ga masu mantuwa."
Bai amsa ba. Bai kuma yarda ba.

Ita ta rasu da azumi.
Gwangwanin, ambaliyar rafin nan ta tafi da shi
tare da tabarmi da tukunyar tuwo zafi.

Na naɗa sabuwar waya, na ɗaure kusoshi,
na jona. Shiru.
"Dumso," in ji Maame, ta yi tsaki,
ta zauna a bencin, muna jiran wuta mu biyu.

Wani ɓalli ya karye ya faɗi kan gwiwata.
Yau bayan isha'i za mu zauna da yayana Sidiku
kan ɗakin tsakiya da babanmu ya bari,
kuma na san harshena, na san nasa.
Na ɗauki ɓallin, na duba hagu da dama,
na jefa shi a aljihun gaba.

Ban ce zai tsare ni ba, Baba.
Ban ce ba.

Can fankar maƙwabci ta fara juyi.
Maame ta lashi yatsa, ta taɓa gindin dutsen,
ya ce cas.